Tarihin Édouard-Alfred Martel, lauyan da ya bar kotu ya bi sawun ruwa a ƙarƙashin ƙasa

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Turawa ke rige-rigen zana taswirar kowane kogi da kowane tsauni a doron duniya, wani lauya a birnin Paris ya lura cewa akwai wata duniya a ƙarƙashin ƙafafunsu wadda ba a taɓa auna ta ba. Sunansa Édouard-Alfred Martel. Ya rayu daga 1859 zuwa 1938, ya shiga kogwanni da ramukan dutse kimanin 1,500 a Faransa da ƙasashen waje, kuma shi ake kira uban ilimin binciken kogo na zamani. Jarumtarsa ce ta sa sunansa ya yi tambari, amma abin da ya fi amfanar jama'a a aikinsa shi ne hujjar da ya kawo cewa ƙazantar da aka jefa a rami tana dawowa cikin ruwan sha, da kuma naciyar da ya yi har hukuma ta kafa doka a kan haka.

Haihuwa da tasowa

An haifi Martel ranar 1 ga Yuli, 1859, a garin Pontoise da ke kusa da Paris, a gidan da aikin shari'a ya zama gado. Tun yana ƙarami aka tsara masa cewa lauya zai zama. A 1866, yana ɗan shekara bakwai, iyayensa suka kai shi yawon buɗe ido a tsaunukan Pyrénées, inda ya shiga kogon Gargas. Daga nan sha'awar abin da ke cikin ƙasa ta kama shi. Ya yi karatu a makarantar Condorcet ta Paris, ya shaƙu da darasin labarin ƙasa da littattafan Jules Verne, kuma a 1879 ya ziyarci babban kogon Adelsberg, wanda a yau ake kira Postojna a ƙasar Sulobeniya.

Bai saɓa wa iyayensa ba. Ya karanta shari'a, a 1886 kuma ya zama lauya a kotun kasuwanci ta Paris, inda ake sauraron rigingimun bashi da na ciniki. Sai dai duk lokacin da kotu ta tafi hutu, yakan tattara kayansa ya nufi kudancin Faransa.

Ƙasar da ke haɗiye ruwa

Yankin da ya ja hankalinsa tun daga 1883 shi ne Causses, wasu faffaɗan tuddai na dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato domin yin siminti. Wannan dutse yana da wata ɗabi'a: ruwan sama yana narkar da shi a hankali. Cikin dubban shekaru ƙaramar tsaga takan zama rami, rami ya zama kogo, har korama guda ta shige ƙasa ta ɓace. Saboda haka saman tudun a bushe yake, makiyaya na fama da ƙishirwa, alhali a can ƙasa cikin kwazazzabai ruwa na ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Mutanen yankin suna tsoron bakunan ramukan. Suna danganta su da Shaiɗan da ɓoyayyar dukiya, kuma amfaninsu ɗaya a wurinsu shi ne zubar da mushen dabbobi.

A ƙarshen watan Yunin 1888, Martel da wasu abokansa, ciki har da 'yan uwansa Gabriel da Marcel Gaupillat, suka bi wata korama mai suna Bonheur daga inda take shigewa ƙasa, suka ratsa cikin dutsen da ita, suka fito ta inda take zubowa da ƙara a wurin da ake kira Bramabiau, wato sa mai kuka a yaren mutanen wurin. Faransawa sun ɗauki wannan tafiya a matsayin ranar haihuwar binciken kogo a ƙasarsu.

Shekara guda bayan haka, ranar 9 ga Yuli, 1889, ya sauka ramin Padirac, wani ƙaton baki mai zurfin mita 75 wanda almara ke cewa Shaiɗan ne ya buɗe shi da dugadugansa. A ƙarƙashinsa, a zurfin mita 103, ya tarar da kogi yana gudu cikin duhu, ya bi shi da kwale-kwale.

Kayan aikinsa ba su da yawa, amma suna da nauyi. Akwai tsanin igiya mai matakan itace, da igiyar da ake ɗaura wa mai sauka yana zaune a kan guntun sanda, da kyandirori, da zaren maganiziyam wanda idan aka kunna yake haskaka babban ɗaki na ɗan lokaci. Akwai kwale-kwalen tamfol da ake naɗewa, da wayar tarho ta tafi-da-gidanka domin magana da na sama. Idan rufin kogo ya yi nisan da ido ba ya kai wa, sai ya ɗaura zare a balan-balan ta takarda, ya cika ta da iska mai zafi, ya sake ta har ta taɓa rufin, sannan ya auna zaren. Babban mataimakinsa shi ne Louis Armand, wani maƙeri daga ƙauyen Le Rozier, mutum mai ƙarfi da dabara wanda ya raka shi shekaru masu yawa.

Abin da ya bambanta Martel da masu shiga kogo don nishaɗi shi ne littafin aljihunsa. Duk inda ya shiga sai ya auna tsawo da zurfi, ya rubuta sanyin ruwa da na iska, ya zana taswira, ya wallafa. Gani ya kori ji, wannan ce ƙa'idarsa. A 1890 ya auri Aline de Launay, 'yar uwar masanin duwatsu Louis de Launay, kuma wannan surukuta ta ƙarfafa ɓangaren kimiyya na aikinsa.

Darasin mushen maraƙi

A 1891 wani abu ya same shi wanda ya sauya alkiblar bincikensa. Ya sauka ramin Laberrie a lardin Lot, ya tarar da mushen maraƙi yana ruɓewa a cikin ruwan da ke ƙasan ramin. Ya kuma sha daga wata maɓuɓɓuga ta kusa mai suna Graudenc, wadda ruwanta yake garau a ido. Ciwo mai tsanani ya kwantar da shi. Ruwa ba ya tsami banza: ruwan da ya wanke mushen shi ne ya fito a maɓuɓɓugar.

A wancan zamani mutane, har da masu ilimi, sun yarda cewa ruwan da ya fito daga cikin dutse tsarkakakke ne, domin ƙasa ta tace shi. Martel ya nuna cewa wannan gaskiya ne a inda ruwa ke ratsa yashi a hankali, amma a dutsen farar ƙasa ruwa yana gudu ne cikin tsagogi da hanyoyi masu faɗi kamar magudana, ba abin da ke tace shi. Maɓuɓɓugar irin wannan ƙasa, a bayaninsa, korama ce da ta shiga ƙasa a wani wuri ta sake fitowa a wani, ɗauke da duk abin da aka zuba mata.

Domin ya gwada wannan fahimta a wasu ƙasashe, sai ya fara fita waje. A 1891 ya je Girka, ya duba ramukan da ke haɗiye ruwan filayen Peloponis. A 1893 ya koma Adelsberg, inda ya bi kogin Pivka a ƙarƙashin ƙasa tare da masu bincike na daular Ostiriya, waɗanda suka riga Faransawa a wannan fage tun zamanin Adolf Schmidl. A 1894 ya wallafa babban littafinsa Les Abîmes, a farkon 1895 kuma ya kafa ƙungiyar masu binciken kogo a Paris tare da mujallarta, Spelunca.

Doguwar tafiyar 1895

A lokacin zafin 1895 Martel da matarsa suka tsallaka teku zuwa tsibiran Birtaniya da tarin igiyoyi da tsani da kwale-kwale. Wannan ce tafiyar da ta fi kowace fito da shi a idon duniya.

Ya je Ayilan, wadda a lokacin duk tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. A lardin Fermanagh akwai koramu uku da ke gangarowa daga tsaunin Cuilcagh, su shige ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sannan wani kogi mai suna Cladagh ya fito a ƙasa kusa da wata gada ta dutse da ake kira Marble Arch. Mutanen wurin sun san bakin kogon, amma ruwa mai zurfi ya tare hanya. Martel ya samu rakiyar wani matashi daga Dublin, Lyster Jameson, mai nazarin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin duhu. Su biyu suka shiga kwale-kwalen tamfol da kyandir da maganiziyam, suka bi ruwan ciki kimanin mita 300, suka kai wata mahaɗa inda hanyoyin ruwa ke gamuwa, Martel ya zana taswirarta. Ya ba da shawarar cewa wurin ya cancanci a buɗe wa masu yawon buɗe ido. Sai bayan shekara 90, a 1985, aka yi hakan. A wannan lardi ya gwada sauka wani rami mai suna Noon's Hole bai kai ƙarshensa ba, sannan ya gangara kudu ya auna kogon Mitchelstown.

A Ingila ya duba kogwannin Derbyshire, ya kuma nufi Yorkshire inda babban ƙalubalen yake. A gefen tsaunin Ingleborough, sama da ƙauyen Clapham, akwai rami mai suna Gaping Gill. Wata korama, Fell Beck, tana zubawa cikinsa kai tsaye, ta faɗa kusan mita 100 cikin duhu. A 1842 wani mutumin yankin, John Birkbeck, ya sa an zura shi da igiya, ya kai wani ɗan dandamali a zurfin kimanin mita 55, bai wuce nan ba. Fiye da shekara 50 ba wanda ya taka ƙasan ramin. Wata ƙungiyar masu hawan tsauni ta Yorkshire tana cikin shirin gwadawa sai ga baƙo daga Faransa.

Mai ƙasar, na gidan Farrer, ya ba shi izini, aka kuma haƙa lambatu domin karkatar da yawancin ruwan koramar daga bakin ramin. Ranar 1 ga Agusta, 1895, jama'a suka taru, matarsa na riƙe da tarho a sama, Martel ya kama tsani shi kaɗai. Ruwan da ya rage ya ci gaba da zubo masa a ka, mai sanyi kamar ƙanƙara. Da ya kai dandamalin Birkbeck sai ya tarar sauran tsanin ya taru a wurin ya cukurkuɗe. Dole ya tsaya a wannan ƙunci ya warware shi, ya jefa shi ƙasa, ya ci gaba. Cikin minti 23 ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Abin da ya gani ya wuce zaton kowa. Ramin ya buɗe ya zama wani makeken ɗaki wanda tsawonsa ya haura mita 100, ruwa na zubowa daga rufinsa tare da ɗan hasken rana, ƙasansa shimfiɗe da tsakuwa da yashi inda ruwan ke nutsewa ya sake ɓacewa. Jikinsa sharkaf, yana rawar sanyi, ya zagaya ɗakin yana aunawa yana zanawa. Ruwa ya lalata tarhon, saboda haka na sama ba su san halin da yake ciki ba, shi ma ba shi da hanyar kiransu sai ihu a cikin rugugin ruwa. Hawansa ya ɗauki minti 28. Taswirar da ya zana shi kaɗai da hasken kyandir ta zo kusa ƙwarai da abin da masu awo suka tabbatar daga baya da kayan aiki na sosai.

Tambayar da ta kai shi can ita ce inda ruwan ke tafiya. Ruwan Gaping Gill yana sake fitowa ne a ƙasa, kusa da kogon Ingleborough, ya gangara ta cikin ƙauyen Clapham. Sai a 1983 masu ninƙaya da tukwanen iska suka bi wannan hanya da jikinsu suka haɗa kogwannin biyu.

Daga Yorkshire Martel ya wuce Landan, inda ake taron duniya na masana labarin ƙasa karo na shida, ya gabatar da bayani a kan sabon ilimin. Saukarsa ta zaburar da Ingilishi. A shekarar da ta biyo baya 'yan ƙungiyar Yorkshire suka sauka ramin da kansu, binciken kogo ya kafu a Birtaniya tun daga lokacin. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa na 1897, Irlande et cavernes anglaises.

Tafkin Mayorka da dajin dutse

A 1896 wani yarima na gidan sarautar Ostiriya, Ludwig Salvator, wanda ke zaune a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, ya gayyace shi ya binciki kogon Drach da ke gabar Bahar Rum. An daɗe da sanin kogon, amma ruwa ya tsayar da duk waɗanda suka shiga. Martel da Armand suka tsallaka da kwale-kwale, suka gano wani tafki mai tsawon fiye da mita 100, ruwansa da ɗan gishiri saboda kusancinsa da teku. A yau ana kiran sa Tafkin Martel, kuma ana kaɗa wa baƙi kiɗa daga cikin jiragen ruwa a kansa.

A watan Satumbar 1897 Armand ne da kansa ya gano wani rami a tudun Méjean. Da suka sauka sai suka tarar da ginshiƙan dutse kimanin 400, waɗanda ɗigon ruwa ya gina cikin dubban shekaru, mafi tsawonsu mita 30. Martel ya sa wa wurin sunan maƙerin, Aven Armand, sunan da yake amsawa har yanzu. A 1899 ya ajiye aikin lauya gaba ɗaya, ya koma bincike da rubutu da koyar da labarin ƙarƙashin ƙasa a jami'ar Sorbonne.

Dokar 1902

Tun daga rashin lafiyarsa ta 1891 bai daina rubuta wa hukumomi da majalisun masana ba a kan haɗarin zubar da mushe a ramuka. Zazzaɓin taifot na kashe mutane a garuruwan da ke shan ruwan maɓuɓɓuga, kuma ya ga da idonsa tarin ƙasusuwa da ruɓaɓɓen nama a ƙasan ramuka masu yawa. Wani masanin duwatsu na birnin Besançon, Eugène Fournier, ya mara masa baya.

A watan Agustan 1901 wani hatsari ya ba su hujjar da kowa zai iya fahimta. Gobara ta tashi a masana'antar giya ta Pernod a garin Pontarlier, giya mai yawa ta kwarara cikin kogin Doubs. Bayan kwana biyu sai aka ji ƙamshinta a maɓuɓɓugar wani kogi daban, Loue, a bayan tsaunuka. Ta tabbata cewa ruwan kogin farko yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa zuwa na biyu.

Ranar 15 ga Fabrairu, 1902, Faransa ta kafa dokar kare lafiyar jama'a. Sashe na 28 ya haramta jefa mushen dabbobi da sharar mahauta da taki da bayan gida a cikin ramuka da tsagogin dutse, dokar kuma ta ba da damar keɓe fili kewaye da maɓuɓɓugar da gari ke sha. Masu binciken kogo suna kiran wannan sashe dokar Martel. A nan horonsa na lauya ya yi rana, domin ya san cewa bincike ba ya hana makiyayi jefa mushe a rami sai an mayar da shi hukunci.

Rasha, Amurka da shekarun ƙarshe

A 1903 gwamnatin Rasha ta gayyace shi ya duba gabar Bahar Aswad a gindin tsaunukan Kaukasus, wajen Sochi da Gagra, ya ba da shawara a kan ruwan yankin da yadda za a raya shi. A 1905 ya jagoranci ayarin da ya ratsa kwazazzabon Verdon a kudancin Faransa, a wani aiki da ya shafi neman ruwa, kuma hanyar ƙafa da ke wurin tana ɗauke da sunansa tare da na jagoransa Isidore Blanc. Daga 1905 zuwa 1909 ya shugabanci mujallar kimiyya ta La Nature.

A 1912, yana da shekara 53, ya je Amurka, ya yi kwana uku a kogon Mammoth na jihar Kentucky yana auna zurfin hawa-hawansa da na'urar auna nauyin iska. Ya yi hasashen cewa kogon yana haɗe da na tuddan da ke maƙwabtaka da shi. A 1972 masu bincike suka gano mahaɗar Mammoth da kogwannin Flint Ridge, kuma shi ne kogo mafi tsawo da aka sani a duniya.

Martel yana da taurin kai a muhawara. Ya yi tsayin daka cewa a dutsen farar ƙasa ruwa yana bin hanyoyi ne rarrabe kamar koguna, ya ƙi amincewa da ra'ayin masanin Ostiriya Alfred Grund cewa akwai wani matakin da dutsen ke cike da ruwa gaba ɗaya. Masanan da suka zo daga baya sun nuna cewa kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Ya tattara iliminsa na ruwa a littafin Nouveau traité des eaux souterraines a 1921, kuma a 1928 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya durƙusar da ƙungiyar da ya kafa, amma ya rayu har ya ga matasa irin su Robert de Joly da Norbert Casteret sun ɗauki aikin, de Joly kuma ya farfaɗo da Spelunca a 1930. Martel ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1938, a Saint-Thomas-la-Garde kusa da garin Montbrison, saura 'yan makonni ya cika shekara 79.

Ramin Padirac da makiyaya ke gudu a da yana karɓar dubban ɗaruruwan baƙi a kowace shekara, ƙauyukan da ke kewaye da shi suna cin abinci da shi. Injiniyoyin ruwa kuma, kafin su amince gari ya sha daga maɓuɓɓuga a ƙasar dutsen farar ƙasa, sukan zuba rini marar cutarwa a ramukan da ke sama su jira su ga inda zai fito, sannan su shata iyakar da ba za a haƙa masai ko a zubar da shara ba.